Ƙ da Ɗ a Hannun Python: Kurakurai, Halaye da Giɓin Bayani

Barka da wannan lokaci ga masu sauraro na Tamawa da Kurfi da Dutsin-Ma da sauran garuruwan tsakiyar Jihar Katsina. Shirin faɗakarwa na wannan mako ya shafi harshen shirya manhaja da ake kira Python, da irin tuntuɓen da mai koyo ke yi a cikinsa, musamman idan abin da ya ba kwamfuta ta sarrafa sunayen Hausawa ne, ko rubutun Hausa, ko lissafin naira da kwabo.

Manhaja jerin umarni ce da ake rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu domin ta aiwatar da wani aiki, harshen shirya manhaja kuwa shi ne tsarin kalmomi da ƙa'idojin da ake rubuta waɗannan umarni da su. Python na cikin waɗanda aka fi koyarwa a duniya, kuma da wuya ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko matashin da ya shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ya daɗe a wannan fage bai haɗu da shi ba. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ne ya fara rubuta shi a ƙarshen 1989 a cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam, ya sake shi ga jama'a a watan Fabrairun 1991. Harshe ne mai buɗaɗɗen tushe, ma'ana ainihin rubutun da aka gina shi da shi a fili yake, kowa na iya saukewa kyauta ya karanta, ya gyara, ya kuma miƙa gyaransa ga masu kula da shi. Gidauniyar Python da aka kafa a 2001 ce ke riƙe da haƙƙin mallakarsa, sannan tun bayan da van Rossum ya sauka daga jagoranci a 2018, kwamitin mutum biyar da ake zaɓa ne ke yanke hukunci a kan makomarsa.

Idan manhaja ta fitar da amsar da ba a zata ba, sabon mai koyo yakan ɗora laifin a kansa, wanda ya ɗan ƙware kuma yakan ɗora wa harshen, alhali kuwa abubuwa uku ne mabambanta suke iya faruwa, kuma maganin kowanne daban ne. Na farko shi ne kuskure na haƙiƙa, wanda masu sana'ar ke kira bog, wato inda harshen ya saɓa wa abin da masu shi suka yi alkawarin zai yi. Na biyu shi ne hali, wato inda harshen ya yi daidai abin da aka tsara masa, sai dai tsarin ya saɓa wa abin da hankali ke tsammani. Na uku shi ne giɓin bayani, inda takardun da ke bayyana harshen suka yi shiru a kan wani abu, ko suka faɗe shi a wani lungu da ba kowa ke leƙawa ba. Halin harshe kamar tiyar kasuwa yake: tiyar wannan gari ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba, babu wanda ya yi ha'inci, amma wanda ya auna hatsi bai tambaya ba shi zai koma gida da giɓi. Mafi yawan abin da ke damun mai rubuta manhaja a ƙasar Hausa na kashi na biyu da na uku ne, kuma tushensu ɗaya, wato an yanke shawarwarin farko na harshen ne da Turanci a zuciya.

Domin a fahimci hakan sai an san cewa kwamfuta ba ta san baƙi ba, lamba kawai ta sani. Tsohon tsarin ASCII na Amurka, wanda ya fito a 1963, ya ware gurabe 128 ne kacal, waɗanda suka ishi baƙaƙen Turanci da alƙaluma da alamomin rubutu. Tsarin Unicode, wanda ya fito a shekarar da Python ya fito, wato 1991, shi ne ya ɗauki nauyin ba kowane baƙi na kowane harshe lambarsa, kuma baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa suna cikinsa tun farkon shekarun 1990. Sai dai da yake sun zo ne bayan an riga an cike sahun gaba, lambobinsu sun yi nisa da na 'yan'uwansu. Babban D lambarsa 68, amma babban Ɗ lambarsa 394. Babban K lambarsa 75, babban Ƙ kuwa 408. Babban Z, wanda shi ne ƙarshen abacada, lambarsa 90 ce.

Sakamakon wannan yana bayyana ne ranar da malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ya nemi Python ya jera masa sunaye bisa abacada. Umarnin da ke yin wannan aiki, mai suna sorted, lambobin baƙaƙe yake kwatantawa, saboda haka Ɗahiru da Ɗanladi ba za su biyo bayan Dauda ba kamar yadda duk wanda ya yi firamare zai sa ran gani, a can ƙasa za su faɗo bayan Zainab da Zubairu. Haka zai yi da ƙananan hukumomin jihar nan: Ɗandume da Ɗanja da Ɗanmusa da Ƙafur da Ƙanƙara duk za su koma bayan Zango. Wannan ba kuskure ba ne a ma'anar da aka bayyana a baya, domin takardun Python sun faɗi cewa ta lamba ake jera rubutu. Abin da ba su faɗa wa Bahaushe ba shi ne cewa ƙa'idar jera Hausa tana nan a rubuce a rumbun CLDR, wanda ƙungiyar Unicode ke tara bayanan harsuna a ciki, inda aka ajiye ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, aka kuma ɗauki sh da ts a matsayin baƙaƙe masu zaman kansu. Python da kansa ba ya ɗauke da wannan rumbu, sai mutum ya ɗauko wani ƙunshin kayan aiki na daban mai suna PyICU, ko ya dogara da saitin harshe na kwamfutarsa, wanda ke iya kasancewa a wata na'ura ya ɓace a wata. Hanya mafi sauƙi ga ɗalibi ita ce ya rubuta abacadar Hausa da hannunsa, ya umarci sorted ya bi matsayin kowane baƙi a cikinta.

Akwai wani abin da ya fi wannan muni, domin shi ba ya yin ƙara. A darussan intanet da dama ana koyar da wata dabara ta mayar da rubutu zuwa baƙaƙen Turanci zalla, wadda ake buƙata wajen ƙirƙirar adireshin shafi ko sunan fayil. Dabarar ita ce a warware kowane baƙi mai alama zuwa gida biyu, wato gundarin baƙin da alamar da ke kansa, sannan a zubar da duk abin da ba ya cikin ASCII. Ga Faransanci wannan na aiki sumul, domin baƙin e mai alama a ka yana warwarewa ya bar e. Amma Unicode bai ɗauki ƙ a matsayin k mai alama ba, ya ɗauke shi baƙi ne guda mai cin gashin kansa, kuma gaskiyarsa ke nan a Hausa. Tun da ba ya warwaruwa, sai a zubar da shi ɗungurungum. Ta haka Ɗanmusa ke komawa anmusa, Ƙafur ta koma afur, Ƙanƙara kuwa, da ke da lanƙwasa biyu, ta koma anara, ba tare da wani saƙon gargaɗi ya fito ba. Django, wanda shahararren ƙunshi ne na gina shafukan intanet da Python, da wannan dabara yake ƙera adireshi sai fa idan an kunna masa zaɓin barin baƙaƙen Unicode yadda suke. Duk wanda ya taɓa lura da adireshin wani labarin Hausa da baƙin farko ya ɓace daga kalma, mai yiwuwa irin wannan tarkon ne aka faɗa.

Alamar hamza, wato ɗan waƙafin sama da ke cikin kalmomi irin su jama'a da sana'a da ma'aikata, ita ce ta fi kowace alama wahalar da mai shirya manhaja da Hausa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Python na da umarni mai suna title, wanda ke mayar da farkon kowace kalma babban baƙi, kuma ana yawan amfani da shi wajen gyara sunayen da aka shigar a gaggauce. A wurinsa, duk abin da ba baƙi ba ne iyakar kalma ce, don haka yana ganin hamza sai ya ɗauka sabuwar kalma ta fara. Sa'idu zai fito da babban I a tsakiya, Isma'ila ma haka, Rabi'u kuwa zai ƙare da babban U a wutsiya. Takardun Python sun amsa wannan hali, har sun kawo misalinsa da Turanci, suka ba da shawarar a koma ga wani umarni mai suna capwords, wanda ke raba kalmomi ta sarari kawai. Shi kuma wannan yana gyara Sa'idu da Rabi'u, amma sai ya ɓata Dutsin-Ma ta hanyar mayar da M ƙarami, tun da karan ɗori ba sarari ba ne, kuma idan ya tarar da kalmar da ta fara da hamza kamar 'yan ko 'yar, sai ya bar y ƙarami domin a lissafinsa hamzar ce baƙin farko. Ke nan babu ɗaya daga cikin umarnan biyu da zai iya rubuta jerin sunayen aji guda a wannan yanki daidai, kuma babu inda takardun suka faɗi hakan, saboda waɗanda suka rubuta su ba su da Rabi'u a ajinsu.

Matsalar ba ta tsaya nan ba, domin hamzar da ido ke gani ɗaya, a wurin kwamfuta uku ce: akwai miƙaƙƙiya da ke kan allon madannai, akwai lanƙwasasshiya da manhajar Word da wasu wayoyi ke musanya ta da ita ba tare da an nema ba, sannan akwai ta uku da Unicode ya ware a matsayin baƙi na sosai. Sunan mutum ɗaya da aka shigar da hamza iri biyu zai zama mutum biyu a rajista, kuma neman ɗaya ba zai fito da ɗayan ba. A kan wannan kuma akwai bambancin da ke tsakanin Najeriya, inda ake rubuta hamza da y, da Nijar, inda ake amfani da ƴ mai lanƙwasa, ta yadda rubutun da aka kwaso daga Maraɗi da wanda aka kwaso daga Katsina ba za su haɗu a ƙidaya ba sai an daidaita su tukuna. Masu bincike a kan sarrafa Hausa da kwamfuta, irin waɗanda suka tara saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Pidgin a aikin NaijaSenti na 2022, dole ne su raba rubutu kalma-kalma kafin su ƙirga komai, kuma tsarin binciken rubutu na Python da ake kira re, idan aka ce ya tsinto kalmomi ta hanyar da aka saba, zai raba jama'a gida biyu, ya ƙirga jama daban, a daban. Da ajami abin ya fi tsanani, domin tsarin bai ɗauki fataha da kisira da rufu'a a matsayin ɓangaren kalma ba, sai ya yayyanka kalma mai wasulla baƙi-baƙi. Masu amfani da rubutun Indiya da na Larabci sun shafe shekaru suna ƙorafi a kan wannan, kuma mafitar da aka fi bi ita ce wani ƙunshi na waje mai suna regex.

Saura batun ajiye fayil. A kwamfutocin Windows da aka saita da Turanci, waɗanda su ne mafi yawa a ofisoshi da shagunan buga takardu, Python ya daɗe yana buɗe fayil da tsohon tsarin cp1252 na Yammacin Turai idan ba a faɗa masa wani ba, kuma wannan tsari ba shi da gurbin ƙ ko ɗ ko ɓ. Manhajar da ta yi aiki lafiya a kwamfutar malami mai Linux sai ta tsaya cak a ta ɗalibi da zarar ta iso sunan farko mai lanƙwasa. Idan kuma akasin haka ne, wato an ajiye fayil da tsarin UTF-8 aka karanta shi da cp1252, sai kowane ƙ ya rikiɗe ya zama alamomi biyu, babban A da E a manne da juna, biye da ƙaramar alamar TM ta kasuwanci. Wanda ya ga waɗannan alamomi a takardar sakamako ko a shafin intanet, ya sani cewa rubutun bai lalace ba, da ma'aunin da ba nasa ba aka karanta shi. Maganin kalmomi kaɗan ne: a riƙa ambata utf-8 duk lokacin da aka buɗe fayil, idan kuma a Excel za a buɗe shi, a yi amfani da utf-8-sig, wanda ke sa wata alama a farkon fayil da Excel ke gane tsarin da ita.

Daga baƙaƙe sai lambobi, inda tarkon bai bambanta Bahaushe da Bature ba, amma illarsa na da kamanni na gida. Umarnin round, wanda ke mayar da lamba mai ɗigo cikakkiya, ba ya bin ƙa'idar da aka koya a firamare cewa rabi sama yake tafiya. A Python na 3, idan lamba ta faɗa daidai tsakiya, ana kai ta ga maƙwabciyar da ke rabuwa biyu ba saura, saboda haka 2.5 ya zama 2, amma 3.5 ya zama 4. Hikimar ita ce idan ana tara dubban lambobi, kada a riƙa turawa sama kullum jimilla ta kumbura. To amma a tsarin maki da yawancin jami'o'in Najeriya suka saba da shi, inda A ke farawa daga 70, B daga 60, C daga 50, D daga 45, wannan hali na da wani sakamako da ba a lura da shi da wuri. Mai 69.5 zai samu 70, mai 59.5 zai samu 60, mai 49.5 zai samu 50, duk lafiya, amma mai 44.5 zai sauka zuwa 44, alhali Excel zai ba shi 45. Wanda ya gwada manhajarsa da iyakoki ukun farko zai rantse cewa tana aiki daidai, sai ranar da ɗalibi ɗaya ya zo da ƙorafi.

Haka nan idan aka ce Python ya tara 0.1 da 0.2, amsar da zai bayar ba 0.3 ba ce cif, 0.30000000000000004 ce. Dalili shi ne kwamfuta da sifili da ɗaya take lissafi, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya rubutuwa daidai a wannan tsari, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa idan aka rubuta shi da ɗigo. Wannan ya samo asali ne daga ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda kusan dukkan harsunan manhaja ke bi. Ga mai rubuta manhajar adashi ko ta ƙungiyar manoman rani da ke noma a bakin madatsar ruwa ta Zobe, darasin shi ne kada a ajiye kuɗi da lamba mai ɗigo. A ƙirga da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, ko a yi amfani da sashen decimal da ke cikin Python, wanda aka tanada domin irin wannan. A gefe guda kuma, lambar waya da lambar asusun banki mai alƙaluma goma ba lambobin lissafi ba ne, sunaye ne da aka rubuta da alƙaluma, kuma duk manhajar da ta ɗauke su a matsayin lamba za ta cinye sifilin farko, idan akwai shi, ta bar asusu mai alƙaluma tara.

Kada a ɗauka cewa sababbin shiga ne kaɗai ke faɗawa irin waɗannan ramuka. A 2019 masu bincike a Jami'ar Hawaii da ke Amurka sun gano cewa wata manhajar Python da masana kimiyyar sinadarai ke amfani da ita tun 2014 tana ba da amsa daban-daban dangane da irin kwamfutar da aka yi aikin a kanta. Manhajar ta dogara ne da wani umarni mai suna glob, wanda ke kawo jerin fayiloli, kuma marubutanta sun ɗauka a jere zai kawo su, alhali jerin ya danganta da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Takardun Python sun faɗi cewa babu tabbacin jeri, amma a jimla guda da ido ke iya tsallakewa. An yi ƙiyasin cewa ƙila abin ya shafi maƙalolin kimiyya fiye da ɗari, gyaran kuwa bai wuce a ƙara umarnin jerawa ba.

Wani misalin ya nuna cewa iyakar da ke tsakanin kuskure da hali ba a kafe take ba, muhawara ce ke matsar da ita. A 2007 aka kai rahoton cewa sashen tarfile, wanda ke kwance fayilolin da aka ɗaure wuri ɗaya, yana iya bari mugun fayil ya rubuta kansa a wajen babban fayil ɗin da aka nufa, har ya danne wasu muhimman abubuwa a kwamfuta. Masu kula da harshen a lokacin suka ga cewa sashen yana bin ƙa'idar da aka gina shi a kai, suka wadatu da sa gargaɗi a takardun bayani. Shekara goma sha biyar bayan haka, a 2022, kamfanin tsaro na Trellix ya sake tono batun, ya ƙiyasta cewa ayyukan buɗaɗɗen tushe kusan 350,000 na cikin haɗari, domin masu rubuta manhaja ba su karanta gargaɗin ba, ko sun kwafi misalai daga inda ba a ambace shi ba. Sai a siga ta 3.12 da ta fito a 2023 aka ƙara matatar kariya, aka kuma mayar da ita abin da ke aiki kai tsaye a siga ta 3.14. Irin wannan ta faru a kan batun ƙarfe goma sha biyun dare, wanda tsofaffin sigogi ke ɗauka tamkar babu lokaci sam idan aka tambaye su ko an saka lokaci, saboda awa da minti duk sifili ne. An daɗe ana kare wannan da cewa a rubuce yake, kafin a cire shi a siga ta 3.5 a 2015. Hukuncin da za a iya yankewa daga waɗannan shi ne gargaɗin da aka binne a takarda bai kai gyara ba, kuma cewa abu a rubuce yake ba ta wanke shi daga zama aibi.

Ga ɗalibin wannan yanki, giɓin bayani na da wasu fuskoki da ba a cika jin su a Turai ba. Na farko, tun da aka amince da tsarin fassara takardun Python a 2017, an samu fassarori da Faransanci da Sifaniyanci da Japananci da Sinanci da wasu harsuna, amma babu ta Hausa a cikinsu, saboda haka sai mutum ya haye Turanci kafin ya iso ga harshen manhajar. Na biyu, littattafai da takardun darasi da ake kwafa hannu zuwa hannu sukan tsufa ba a sani ba. Python na 3 ya fito a Disambar 2008 da sauye-sauyen da suka saɓa wa na 2, aka kuma daina kula da na 2 ɗin daga 1 ga Janairun 2020, amma har yanzu ana cin karo da darussan da aka rubuta da shi. A tsohon, biyar a raba biyu amsarsa 2 ce, a sabon 2.5, kuma umarnin print na tsohon ba ya aiki a sabon sai an sa masa baka biyu. Ɗalibin da ya kwafi misali daga irin wannan takarda ya ga ja a allo yakan zaci kansa ne bai ɗauka ba. Haka yake faruwa ga wanda aka turo wa misali ta manhajar da ta lanƙwasa alamomin zance, domin Python ba ya karɓar lanƙwasassu a matsayin iyakar rubutu. Na uku shi ne tsadar data da raunin sabis a ƙauyuka, wanda ke sa mutane dogara da abin da suka haddace, ko da yake ana iya sauke takardun Python gaba ɗaya sau ɗaya a ajiye a waya, kuma umarnin help da ke cikin harshen yana ba da bayani ba tare da intanet ba.

Tun daga 2022 ana kai rahoton kurakuran Python ne a shafin GitHub, kuma ƙofar a buɗe take ga kowa, har da gyaran jimla guda a takardun bayani, wanda sau da yawa ta nan sababbin masu ba da gudummawa ke shiga. Rahoton da ake saurara shi ne wanda ya faɗi sigar Python da irin kwamfutar da aka yi amfani da ita, ya kawo ɗan gajeren misali na layi biyu ko uku da kowa zai iya maimaitawa, ya bayyana abin da aka sa rai da abin da ya fito, bayan mai rahoton ya duba ko wani ya riga shi. A nan mai Hausa na da abin da injiniyan Amsterdam ba shi da shi, domin shi ne ya san cewa Ɗanmusa ba anmusa ba ce, kuma misali ɗaya da sunan Rabi'u ya fi dogon ƙorafi amfani ga wanda zai yi gyara. Masu amfani da harshen a Afirka sun haɗu a taron PyCon Africa na farko da aka yi a Accra a 2019, kuma irin waɗannan tarurruka ne ke haɗa mai ƙorafi da masu ikon shigar da gyara.

Batun cp1252 ma ta wannan hanya aka bi da shi. Wani mai ba da gudummawa ɗan ƙasar Japan, inda matsalar tsarin baƙaƙe ta daɗe tana ci wa mutane tuwo a ƙwarya, shi ne ya rubuta shawarar da aka yi wa lamba PEP 686, aka kuma amince cewa daga siga ta 3.15, wadda aka tsara fitowarta a watan Oktoban 2026, UTF-8 ne zai zama tsarin da Python ke buɗe fayil da shi ko da ba a ambata ba. Kwamfutocin makarantu da na ofisoshi sukan daɗe a kan tsohuwar siga, saboda haka ambaton utf-8 da hannu zai ci gaba da zama wajibi na wasu shekaru, kuma wannan sauyi bai taɓa batun jera sunaye ko na hamza ba, waɗanda ke nan yadda shirin ya bayyana su.

A nan shirin na wannan mako ya kawo ƙarshe.